Ɗan wasan da ke hannun kuloci: yadda muka saita nawa a Gombe

Da yawa daga cikin masu babur a garin nan, in suka taɓa hannun kuloci suka ji yana ɗan lilo kafin ya fara nauyi, sai su ɗauka wani abu ne ya kwance. Nan take a kama ajasta, wato abin saita kebul da ke gindin hannun, a yi ta murɗawa har hannun ya tsaya ƙyam, a ce an ɗaure kuloci. Na sha ganin haka a Tashan Dukku da bakin babbar kasuwa, ɗan acaba na jiran fasinja yana murɗa abinsa da yatsa biyu. To wannan ɗan wasan da ake korewa, da gangan masu ƙera babur suka bar shi, kuma rashinsa ne ke cinye faifan kuloci tun kwanansa bai ƙare ba. Na gane haka sosai ne ranar da aka saita nawa, da hannuna a cikin aikin.

Babur ɗin nawa na hannu ne, mai giya huɗu, irin wanda 'yan acaba suka fi hawa. A Pantami nake zaune, ina kuma da 'yar gona ta wajen Kwadon, kan hanyar Dadin Kowa, saboda haka ba ya rabuwa da kaya: taki da damina, buhun masara ko na wake da kaka, wani lokaci har Tudun Hatsi nake kai su da kaina. Ranar ciniki, wanda ya sayar mini ya ja hannun kulocin ya sake, ya ce in ji yadda yake a ɗaure tamau, babu wasa ko kaɗan. A wurinsa yabo ne, kuma na san da zuciya ɗaya ya faɗa, don haka akasarin mutane suka ɗauki abin.

A shimfiɗaɗɗen titi, ni kaɗai, ba ka da abin cewa game da shi. A hawa matsalar ke fitowa. Kowa ya san Gombe a cikin kwari take, in za ka fita ta hanyar Bauchi sai ka hau tudu kafin ka kai Tumfure. In na goyo mutum na kama wannan hawan a giya ta huɗu, ina murɗa totur sai kukan injin ya tashi sama, amma gudun na nan inda yake. Sai an ɗan jima kukan ya sauko, sannan babur ɗin ya fara ja a hankali. Haka ma in na shiga yashin lungunan unguwa da buhu a baya. Ga shi ba ya ɗauka sai na kusa sakin hannun gaba ɗaya, abin da muke cewa kuloci ya yi sama. Shan mai ma ya ƙaru, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu mai babur da ba ya lura da abin da tankinsa ke ci.

Ƙanin mahaifina bakaniken babur ne, rumfarsa na ta wajen Jekadafari. Can na nufa.

"Bappa, ina jin faifan kulocin nan ya ƙone. A buɗe a zuba sabo."

"Kafe shi a inuwa tukuna, ɗana. Ba a fara gyara da buɗe inji."

Ko tayar da shi bai yi ba. Ya sa yatsa ɗaya a bakin hannun kulocin ya ɗan taɓa, hannun bai motsa ba. Ya zagaya gefen dama ya tsuguna, inda kebul ɗin ke ƙarewa a jikin wani ɗan ƙarfe da ya fito daga murfin injin, ya daki wayar da farce, har sai da ta yi ƙara don tsabar ɗaurewa. Ya ɗago ya ce, "Kulocinka a jaye yake tun kafin ka kai hannu kansa."

Sai ya sa yaronsa ya jawo wani tsohon kuloci daga ƙarƙashin benci, ya zazzage shi a kan kwali don in gani da idona. Faya-fayai ne iri biyu da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya a cikin gidan kuloci. Wasu suna da ƙananan fatu masu ruwan ƙasa a manne a fuska biyu, da kunnuwa ta waje waɗanda ke shiga tsagin gidan, shi kuma gidan inji ne ke juya shi. Sauran zallar ƙarfe ne, haƙoransu ta ciki suke, suna riƙe da cibiyar da ke kai juyi zuwa giya. Sifirin ne ke matse su wuri ɗaya, dukkansu kuma cikin baƙin mai suke wanka. In ka saki hannu, sifirin ya matse su su zama abu guda, ƙarfin inji ya wuce zuwa taya. In ka ja hannu, kebul ya ja wancan ɗan ƙarfen, shi kuma ya danne sifirin, faya-fayan su rabu da juna. Tazarar rabuwar ma 'yar kaɗan ce ƙwarai, abin da ido ke gani da ƙyar.

Nan ne lissafin ya fito mini. Tunda tazarar ƙarama ce haka, kebul ɗin da aka ɗaure tamau ya riga ya kwashe wani kaso na ƙarfin sifirin tun kana tafiyarka ba ka taɓa komai ba. Faya-fayan suna haɗe, amma ba a matse yadda ya kamata ba. In babu nauyi sai su riƙe. Da zarar an zo hawa ko an ɗora buhu, sai su fara zamewa a kan juna, zamewar ta haifi zafi, zafin ya cinye fatun. Bappa ya zaro ɗaya daga cikin na ƙarfen ya miƙo mini. Ya yi shuɗi-shuɗi da baƙi a zagaye, alamar ya sha wuta, fatun na kusa da shi kuma sun yi sumul suna ƙyalli, in ka goga yatsa ba ka jin kaushin komai. Ya ce mai wannan babur ɗin bai yi wani laifi ba ban da son kuloci a ɗaure. Ya ƙara da cewa, "Dokin da aka ja wa linzami aka riƙe, ko ka sa masa ƙaimi ba zai saki jiki ya yi gudu ba, sai dai bakinsa ya yi rauni."

Bai yarda mun taɓa komai ba sai da injin ya huce. Ƙarfe yakan buɗe da zafi, awon da ka yi da zafi ba lalle ya zama shi za ka tarar gobe da asuba ba. Muna zaune muna jira ya yi mini bayanin awon, wanda a ganina shi ne inda mutane suka fi rikicewa, har da wasu masu gyara.

Wuri biyu ake auna wasan kuloci. Akwai masu aunawa a gindi, wato tazarar da ke buɗewa tsakanin hannun kulocin da mazauninsa in ka ɗan ja shi. A nan milimita 2 zuwa 3 ake nema, kuma shi ne adadin da za ka gani a littattafan Bajaj da yawa. Akwai masu aunawa a can ƙarshen hannun, wajen ƙululun nan, inda Honda kan rubuta milimita 10 zuwa 20. Kusan abu ɗaya suke faɗa, don hannun dogo ne, ɗan motsi a gindi yakan zama babba a baki. Amma wanda ya ji an ce milimita 2 ya je ya auna shi a bakin hannun, to kusan bai bar wasan komai ba. In kana da littafin babur ɗinka, adadinsa za ka bi, ka kuma duba a ina ya ce a auna.

Yadda ake jin wasan kuma da yatsa ɗaya ne, a hankali. Za ka ji hannun ya taho babu nauyi, sai can ya ci karo da nauyi. Inda nauyin ya fara, nan kebul ya miƙe ya fara danne sifirin. Tafiyar da hannun ya yi kafin nan ita ce wasan. Bappa ba shi da wani ma'auni na musamman, tsinken ashana yake amfani da shi, don kaurinsa kusan milimita 2 ne. In tsinke ɗaya ya shiga tazarar a sake, biyu a haɗe kuma suka ƙi shiga, to kusan kana cikin awo.

Da injin ya huce sai ya ce ni zan yi, shi ido ne nasa. Na janye robar da ke rufe ajastar sama. Abu biyu ne a wurin: ajastar kanta, wadda kebul ya ratsa ta cikinta, da wani faffaɗan noti mai kaushi a gefe da ke kulle ta. Tawa an fito da ita waje har ta kusa ƙarewa, 'yan layukan tiredi kaɗan ne suka rage a ciki. Bappa ya girgiza kai. Ya ce mazaunin nan na alminiyam ne, ajastar da ke rataye a bakin tiredi haka wata rana za ta ci tiredin ta fice, kuloci ya mutu a tsakiyar hanya. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: in ka shigar da ita ciki wasa ya ƙaru, in ka fito da ita waje wasa ya ragu. Na sassauta notin na mayar da ita ciki gaba ɗaya, hannun ya saki ya yi laƙwas.

Tunda kebul ya saki, sai ya ce mu duba shi kafin a ci gaba, don saiti a kan ruɓaɓɓen kebul aikin banza ne. Ajasta da notinta da mazaunin duk suna da tsaga a jiki. Na jera tsagogin a layi ɗaya, na ja rigar kebul ɗin baya, wayar ta fito ta tsagar, na zare ɗan dunƙulen da ke kanta daga raminsa a ƙarƙashin hannun. Wuyan dunƙulen nan ne kebul ya fi tsinkewa, don nan yake lanƙwasa kullum in ramin ya bushe. Bappa ya juya shi a rana yana neman ko sili ɗaya da ya tashi. Babu. Amma wayar a bushe take ƙamas, da jar ƙura a jikinta, in ka ja ta ka tura kana jin tana gurzar rigar. Wanda ke hawa babur a ƙurar hunturun nan tamu ya san daga inda wannan ta fito. Yaron ya yanko leda ya ɗaure ta da roba a bakin rigar ta zama mazurari, muka ɗiga baƙin mai kaɗan, na ɗaga kebul ɗin sama ina ja ina turawa har mai ya ɓullo ta ƙasa, baƙi ƙirin da farko, daga baya ya washe. Akwai kebul masu shimfiɗar roba mai santsi a ciki waɗanda ba sa son mai, amma nawa ba irinsu ba ne. Muka shafa giris a dunƙulen da kuma ƙusar da hannun ke juyawa a kanta, na mayar da komai.

Daga nan ya ce in fito da ajastar sama juyi biyu in bar ta haka, mu koma ƙasa. A gefen injin rigar kebul ɗin tana da dogon tiredi da noti biyu da suka sa wani ƙarfe a tsakiya suka matse. Nan ake babban saiti. Da sifana mai lamba 12 na sassauta su. In ka bar rigar ta matso wajen ɗan ƙarfen injin, wasa ya ƙaru, in ka ja ta baya ya ragu. Ina juya noti, Bappa na tsaye a sama yana taɓa hannun, har ya ce ya isa. Na ɗaure notin biyu, sannan na dawo sama na ƙarasa da ajasta, rabin juyi gaba, kwata baya, ina gwada tsinken ashana, har ya shiga yadda ake so.

Na tambaye shi me ya sa ba mu gama komai a sama ba, tunda ya fi sauƙi. Ya ce ta sama ta hanya ce. In an bar ta da sauran tiredi ciki da waje, duk inda ka ji wasan ya canza, ko a Deba kake ko a Kumo, za ka tsaya ka gyara da yatsunka ba tare da sifana ba. Wanda ya ƙarar da ita tun a gareji ya rufe wa kansa wannan ƙofar. Kafin in kulle notin ya sa na juya tsagar ajastar ta kalli ƙasa, kada ruwan sama da ƙura su samu hanyar shiga, kuma kada ta yi layi ɗaya da tsagar mazaunin.

Na ɗauka an gama. Sai ya kama kan babur ɗin ya juya shi hagu har ƙarshe, ya taɓa hannun, wasa na nan. Ya juya dama har ƙarshe, ya taɓa, babu wasa ko ɗis. Muka leƙa ƙarƙashin tanki muka tarar wani ya ɗaure kebul ɗin a jikin firam da yankin tsohon tib, ƙila don kada ya riƙa reto. In kan ya juya sai ɗaurin ya hana rigar bin sa, ta miƙe ta ja wayar. Ke nan duk kwanar da na sha ta wannan ɓangaren, kulocin na ɗan jan kansa. Muka yanke robar, muka bi da kebul ɗin ta cikin maƙalar da aka yi masa tun asali, na sake taɓa ajasta kaɗan. Wannan gwajin na juya kai ba ya cin minti ɗaya, amma ban cika ganin ana yin sa ba, kuma ina ganin bai kamata a ce an saita kuloci ba a yi shi ba.

Sai ya ce zai nuna mini ɗaya gefen, don kada in tafi da tunanin cewa yawan wasa shi ne lafiya. Da gangan ya shigar da ajastar ciki sosai, ya kafe babur ɗin a kan ƙafar tsakiya, tayar baya a sama, ya ce in tayar in sa giya. Na ja hannun har ya taɓa robar kan babur da ake riƙewa, na taka giya, ta shiga da ƙara ƙwas, babur ɗin ya girgiza, taya ta kama juyawa da ƙarfi alhali hannuna na riƙe da kuloci. Na nemi firi, giyar ta yi tauri ta ƙi fita. Dalili shi ne wasan ya cinye rabin tafiyar hannun, abin da ya rage bai isa ya raba faya-fayan ba. Mai irin wannan babur shi ne za ka ga a mahaɗa yana riƙe da kuloci amma babur na rarrafawa da shi, in ya taka birki inji ya mutu. Irin wannan kuma haƙoran giya ne ke shan wahalarsa. Da muka mayar da saitin daidai, giya ta shiga a natse, tayar na ɗan juyawa a hankali saboda danƙon mai tsakanin faya-fayan, ina ɗan taɓa birki ta tsaya cak, silon injin bai canza ba. Wannan ɗan juyin ba matsala ba ne, musamman in mai bai yi zafi ba.

Inda muka ɗan ja da shi shi ne maganar inda kulocin ke ɗauka. Ni na fi son ya ɗauka kusa da roba, don a cunkoson kasuwa da cikin yashi ya fi mini sauƙin sarrafawa in yatsuna na a lanƙwashe.

"Bappa, ba za a ƙara sauko da shi ƙasa kaɗan ba?"

"Da me za a sauko da shi? Kebul ɗaya ne, ɗana. Ba a taɓa wannan a bar wancan."

Gaskiyarsa ce. Wasa da inda kuloci ke ɗauka tare suke tafiya: ka ƙara wasa ya ɗauka kusa da roba, ka rage ya ɗauka can waje. Filin da kake da shi na zaɓi shi ne tsakanin milimita 2 da 3 ɗin nan. Ni na zaɓi kusa da 3. In ka wuce haka don neman daɗin hannu, ka faɗa cikin abin da ya nuna mini yanzun nan. Sauran abin da ke yanke inda zai ɗauka yana cikin inji, wato kaurin da ya rage wa faya-fayan da ƙarfin sifirin, sai kuma siffar hannun kansa. Saboda haka wasan ake saitawa da awo, hannu kuma ya koyi inda kulocin ke ɗauka. Ba ya ɗaukar lokaci mutum ya saba.

Akwai dai abubuwan da ke waje waɗanda ke rage tafiyar hannun ba tare da an lura ba. Hannun da ya lanƙwashe ciki bayan faɗuwa yakan taɓa roba tun bai gama aikinsa ba. Haka masu naɗa wa robar kai ƙyalle ko ƙarin roba don ado, kaurin nan daga tafiyar kuloci ake cire shi. Haka mai ja da yatsa biyu ya bar biyu a baya, hannun ya tsaya a kansu. Irin waɗannan sai su ce giya ta yi tauri, a je a ɗaure kebul don a rama, a kashe wasan. Abin da Bappa ya yi mini don sauƙin hannu shi ne ya sassauta mazaunin ya ɗan karkato shi ƙasa, yadda in na zauna na miƙa yatsu za su sauka a kan hannun ba tare da na karya wuyan hannuna ba. Wannan kaɗai ya rage mini gajiya fiye da yadda na zata.

Ya kuma tambaye ni wane baƙin mai nake zubawa in na yi juye. Tambayar na da tushe, don a babur irin namu mai ɗaya ne ke yi wa inji da giya da kuloci aiki. Wasu mayukan mota na zamani ana sa musu sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, wannan santsin kuma shi ne abin da faifan kuloci ba ya so. Dalilin haka Japan ta fitar da ma'aunin JASO na man babur a 1998, inda MA ke nufin man da ya dace da kulocin da ke cikin mai, MB kuma mai santsi ne, na baburan da kulocinsu ba ya cikin mai. A 2006 aka ƙara MA1 da MA2. In ka duba bayan galan za ka ga rubutun. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kuwa ba ka da hanyar sanin ko wane iri ne. Na faɗa masa wanda nake sa, ya ce ba daga nan ba ne.

Gwajin ƙarshe a titi ne. Na goya yaron garejin muka nufi hawan Tumfure. A giya ta huɗu, gudu kaɗan, na buɗe totur gaba ɗaya. Kukan injin ya yi nauyi ya zauna, ya riƙa tashi tare da gudun, ba ya riga shi. Na maimaita a wuri mafi tsayi, haka. Da muka dawo, injin da zafinsa, na sake taɓa hannun, wasan ya ɗan canza amma yana nan. Firi kuma na samu a tsaye ba tare da kokawa ba.

Duk da haka Bappa bai ce mini kulocin ya koma sabo ba. Har yanzu yana ɗauka gaba da tsakiya kaɗan, ya ce faya-fayan sun riga sun ba da wani abu daga kaurinsu a zaman da suka yi suna zamewa, sai dai akwai sauran aiki a jikinsu. Ya ba ni alama biyu da zan riƙa bi, kuma su ne abin da na fi amfana da shi a ranar. In wasan yana raguwa da kansa, ka saita ka dawo ka tarar ya tafi, to faya-fayan ne ke cinyewa, don a irin wannan injin suna sirancewa suna cin wasan. In kuma wasan ya ƙaru farat ɗaya, hannun ya yi laushi ko yana kartar wani abu, to silin kebul ne suka fara tsinkewa, a canza shi kafin ya yanke a daji. Sabon kebul ma yakan ɗan saki a farkon amfani, sai an sake taɓa shi.

Masu roba-roba kada su ce ba ruwansu don ba su da hannun kuloci. Nasu ma ana saita shi, da wani sukuru mai noti a murfin injin na dama. A irin na Honda ana sassauta notin, a juya sukurun dama juyi ɗaya, a dawo da shi hagu a hankali har a ji ya fara tauri, sannan a mayar dama kashi ɗaya cikin takwas na juyi a kulle. Wancan ɗan komawar ita ce wasan nasu.

Akwai kuma abin da saiti ba ya magani, wato halin hawa. Mai tafiya da yatsu a kan kuloci yana ɗan danna shi ba da saninsa ba, ya mayar da kansa kebul ɗin da aka ɗaure. Mai tsayawa a hawa ya riƙe babur da rabin kuloci maimakon birki, da mai tashi a giya ta biyu da buhu biyu a baya don ƙyuyar taka ta ɗaya, duk faifai suke ci. A cikin yashi dole a ɗan yi rabin kuloci, ba na musun wannan, amma gara mutum ya sauko giya ta ɗaya ya saki hannun ya bar injin ya ja.

Yanzu duk sanda na yi juye nakan gwada tsinken ashana, in juya kai hagu da dama, in ɗiga wa kebul mai in ya bushe. Na kuma sayi kebul na ajiya ina tafiya da shi saboda hanyar gona. In ranar canza faya-fayan ta zo, Bappa ya ce gaba ɗayansu za a canza, ba a tsinci ɗaya a bar sauran ba. Za a jiƙa sababbin a cikin baƙin mai kafin a jera su, a ɗora na ƙarfen a kan gilashi a ga ko zafi ya karkata su, a gwada tsayin sifirin, a sa sabon gasket. Bayan an rufe kuma sai an sake saitin wasan daga farko, don sabon faifai ya fi tsoho kauri, awon da ke kan kebul yanzu ba zai dace da shi ba.